Gabas ɗin Baffa Jumare

Shekara arba'in da ɗaya Baffa Jumare
na shimfiɗa buzunsa a ɗaki guda, a Kwarbai.
Goshinsa ya ci daɓe har ya bar gurbi
kamar inda tulu ya daɗe yana zama.
Ubansa ya nuna masa gabas sau ɗaya da haɓa,
bai sake tambayar kowa ba.

Ni kuwa na dawo daga Samaru da kamfas a aljihu,
ɗalibin awon ƙasa, aji biyu, kai fal lissafi.
Na ɗora shi a gurbin goshin nan.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya.
Na ce, Baffa, ka karkace,
digiri sha tara zuwa dama.
Layinka Habasha ya nufa, bai bi ta Makka ba.

Ya ajiye carbi. Ya ce, Tanimu,
a nan aka kawo mini rasuwar Zulai.
A nan na kifa goshi, wani sanyi ya sauko mini
irin na randa a tsakiyar bazara.
In ba a ji ni ba, wa ya aiko sanyin?
Ƙarfen nan naka ya taɓa binne mata?
Na ce, bai taɓa ba.

Na so in ce, Baffa, Rifkatu ta Wusasa,
wadda ta yi wata uku tana wanke maka gyambo a Shika,
sanyin nan ita ma take faɗi
in ta fito majami'a, idonta jawur.
Ga Ɗanlami da ya sai da gonarsa a Dakace
don mafarki ya ce masa bana za a tashi duniya.
Ƙirjinsa wasai ranar da ya karɓi kuɗin,
yau dako yake a Sabon Gari.
Zuciya shaida ce mai bin duk wanda ya kira ta.
In ji a jiki hujja ne, kowa ya ci shari'a.
Na haɗiye. Ban faɗa ba.

Da dare na koma in rubuta awon a littafi.
Allura ta ce sha ɗaya.
Na matsa taku guda, ta ce ashirin da huɗu.
Na haska fitila: gadon ƙarfen Zulai
na nan jingine da bango, yana jan ta a ɓoye.
Sai na tuna daɗin da ya ratsa ni
sa'ad da na ce wa tsoho ya karkace.
Ashe ni ma na ji sanyi.
Ban tuhume shi ba.

Da safe mu huɗu muka fid da gadon tsakar gida.
Na kafa kara na bi inuwa har azahar,
na je masallacin unguwa na gwada,
na kira malaminmu a waya, ya sa na sake.
Shaidu uku suka haɗu a kan bakwai.
Liman ya ce sallolin baya sun yi,
wanda ya bi iyakar saninsa bai yi wasa ba.

Baffa bai ce uffan ba.
La'asar ta yi, ya ja bakin buzu da yatsan ƙafa
hagu, kamar taƙi ɗaya, ya ta da kabbara.

Bayan mako na tambaye shi, yana ɓare gyaɗa,
Baffa, sanyin fa, yana zuwa?
Ya ce, yana zuwa, kamar da.
Shi ya sa na bar ka ka auna.
Baƙo ne mai kirki, ina son sa,
amma bai san hagu da dama ba.

Ya miƙo mini gyaɗa. Ya ce, kai fa,
allurar taka ta gaya maka me ya sa ake sunkuyawa?

Gurbin na nan har yau a gefen buzu,
damina kan tara masa ruwa in rufi ya yi yoyo.
Na sayo siminti rabin buhu tun bara.
Ban liƙe shi ba.